Tom Johnson da Yaƙin Santi Biyu

 Yau za mu haye teku, mu kuma koma baya shekara ɗari da 'yan kai, zuwa wani birni na Amurka mai suna Cleveland, a jihar Ohio, a bakin tafkin Erie.

Ranar 4 ga Afrilun 1901, da hantsi, magajin gari mai barin gado, John Farley, yana zaune a ofishinsa. Majalisar birni ta riga ta amince da wata doka da za ta miƙa wa kamfanonin jirgin ƙasa wani makeken fili a bakin tafki, sa hannunsa kawai ake jira. Abin da ya riƙe alƙalaminsa umarnin kotu ne, kuma wa'adin umarnin zai cika da ƙarfe sha ɗaya na wannan safiya. Kwana uku ke nan da yin zaɓe, kuma bisa al'ada sabon magajin gari yakan ɗan jinkirta kafin ya karɓi ofis. Saura ƙasa da minti arba'in wa'adin ya cika, sai ga wani kakkauran mutum ya shigo. Ya riga ya yi rantsuwar kama aiki, ya zo ne ya karɓi kujerarsa. Shi ne kuma mutumin da tun farko ya je kotu ya samo umarnin. Takardar nan ba ta sami sa hannu ba.

Sunan mutumin Tom Johnson. Abin da ya sa na ɗauko labarinsa yau shi ne, da a ce shekara ashirin kafin wannan rana aka yi abin, da a ɓangaren kamfanonin za a same shi, yana jiran a sa hannu.

An haife shi a 1854 a jihar Kentucky, a gidan masu hali. Mahaifinsa manomin auduga ne mai bayi, ya kuma yi wa sojojin Kudu hafsa a yaƙin basasar Amurka. Da Kudu ta sha kashi a 1865, dukiyar gidan ta bi ruwa, iyalin suka tsinci kansu a garin Staunton na jihar Virginia hannu Rabbana. Tom yana ɗan shekara sha ɗaya. Jirgin ƙasa ɗaya tak ke shigowa garin, sai kwandastan jirgin, wanda jininsu ya haɗu da yaron, ya yi masa alkawarin cewa shi kaɗai zai riƙa kawo wa jaridu. Mutane na ƙishirwar labari, mai sayarwa kuwa ɗaya ne, don haka farashin da yaron ya yanka shi ake biya. Cikin mako biyar ya tara dala 88, kuɗin da ya ɗauke iyalin daga garin. Daga baya shi da kansa ya ce darasin da ya koya a nan ya zauna masa a rai: in kana son kuɗi, nemi sana'ar da ba ka da abokin gasa a cikinta. Wato dai babakere.

Ya kuwa bi darasin sau da ƙafa. A 1869 ya sami aiki a ofishin wani kamfanin taragon cikin gari a Louisville, na dangin du Pont, lokacin alfadarai ne ke jan taragon. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ya ƙirƙiro akwatin karɓar kuɗin fasinja mai gilashi, wanda ake ganin abin da aka jefa ciki, don kada kuɗi ya maƙale a aljihun ma'aikaci. Da ribar akwatin da kuma rancen iyayen gidansa ya sayi layin tarago a Indianapolis a 1876, yana ɗan shekara 22. Bayan shekara uku ya shiga Cleveland, ya yi karo da attajiri Mark Hanna, wanda daga baya ya zama uban jam'iyyar Rifablikan, mai ɗora shugaban ƙasa. Johnson ya bazu har Detroit da Brooklyn da St. Louis, ya kafa masana'antar ƙera ƙarfen layin dogo a Johnstown, daga baya a Lorain. Bai kai arba'in ba ya zama miloniya.

To, a nan ne labarin ya karkata, kuma a cikin jirgin ƙasa ya sake karkata. A 1883 yana tafiya tsakanin Indianapolis da Cleveland, yaro mai tallar littattafai ya miƙo masa wani littafi na Henry George. Ya ƙi saya. Kwandasta ya ce ya saya, in bai ji daɗinsa ba shi zai biya shi kuɗinsa. Ya karanta, hankalinsa ya tashi. Ya nemo babban littafin marubucin, mai suna Progress and Poverty, wato Ci Gaba da Talauci, ya karanta, hankalinsa ya ƙara tashi. Sai ya yi abin da attajiri kan yi in magana ta dame shi: ya kai wa lauyansa littafin, ya biya shi, ya ce ya nemo masa inda marubucin ya yi kuskure. Lauya ya yi iya yinsa, bai gamsar da shi ba.

Me Henry George ya ce da har ya hana attajiri barci? Magana ce da kowane mazaunin birni zai gane. A ɗauki fili a tsakiyar gari. Mai shi bai aza ko bulo ɗaya a kai ba, bai share ba, bai shuka ba. Amma jama'a sun taru a kewayensa, an ja titi, an kafa kasuwa, an kawo ruwa, sai ga darajar filin ta ninka sau goma. Wa ya yi aikin? Jama'a. Wa ya kwashe ribar? Mai fili. George ya ce wannan ƙarin daraja haƙƙin jama'a ne, a kansa ya kamata haraji ya hau, a sauke shi daga kan gumin ma'aikaci da kayan ɗan kasuwa. Johnson ya duba sana'arsa ya ga ita ma haka take. Titi ɗaya ba ya ɗaukar layin tarago na kamfani biyu. Wanda ya sami lasisin titin ya sami unguwar gaba ɗaya a tafin hannunsa, kuma titin nan na jama'a ne. Ashe jaridar Staunton yake ta sayarwa har yanzu, sai dai ta yi girma.

Kada mai sauraro ya ɗauka washegari ya rabar da dukiyarsa. Ina! Ya ci gaba da kasuwancinsa har kusan shekara goma sha biyar, yana tara kuɗi ta hanyar da bakinsa ke cewa haramtacciya ce. Ya zama aminin Henry George, ya zuba kuɗi a takarar da George ya yi ta magajin garin Niyok a 1886 da 1897. Ya je majalisar wakilai ta tarayya daga 1891 zuwa 1895 a tutar Dimokurat, inda aka ga abin mamaki: mai masana'antar ƙarfe yana neman a cire harajin shigo da ƙarfe, harajin da ke kare masana'antarsa. Ya kuma yi wata dabara, shi da wasu 'yan majalisa suka raba wani littafin George babi-babi suka cusa shi cikin kundin muhawarar majalisa, ta yadda aka aika da kwafi fiye da miliyan ɗaya ta gidan waya kyauta. Amma a daidai wannan zamani, a Detroit, magajin gari Hazen Pingree yana fafutukar a mayar da kuɗin tarago santi uku, kuma ɗaya daga cikin masu kamfanin da yake kokawa da su Tom Johnson ne. Ni dai ban ga yadda za a wanke shi tas daga wannan ba. Abin da zan iya faɗa masa na alheri shi ne bai taɓa ɓoye abin da yake yi ba. A bainar jama'a yake cewa shi ɗan babakere ne, muddin doka ta bar ƙofar a buɗe zai shiga, amma zai yi ƙoƙarin ganin an rufe ta.

Zuwa 1901 ya sayar da yawancin kamfanoninsa, ya tsaya takarar magajin garin Cleveland, birni mai mutum 381,768 a ƙidayar 1900, cike da baƙi 'yan ci-rani daga Jamus da Poland da Hungary da Italiya da sauran ƙasashen Turai. Takensa gajere ne: kuɗin tarago santi uku maimakon biyar, haraji bisa adalci, birni ya mallaki abin da ke na birni. Ya ci da ratar ƙuri'a dubu shida da 'yan kai.

Wani zai ce, duk wannan hayaniya a kan santi biyu? A yi lissafi. Lebura da yawa a wancan zamani ba sa samun dala biyu a yini. Santi biyu zuwa, santi biyu dawowa, kwana ɗari uku a shekara, dala 12 ke nan, ladan aikin mako guda cur. Amma Johnson ya hango abin da ya fi wannan. Ya san abin da ake kashewa wajen tafiyar da tarago, don ya yi shekara talatin yana riƙe da littafin lissafin. Ya san santi biyun nan riba ce ta lasisi, kuma daga cikinta ake ɗebo abin da ake sayen kansiloli da 'yan majalisar jiha da jaridu. A ganinsa ɓata lokaci ne a yi ta farautar kansilan da ya karɓi toshiya, alhali an bar abin da ya sa ake ba shi toshiyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa ya san inda tsagar take, don ta nan ya sha shiga.

Kafin mu shiga yaƙin tarago, bari in ɗan faɗi yadda ya tafiyar da garin, don nan ne aka fi yaba masa. Ya sa aka tuge allunan da ke hana mutane taka ciyawa a lambunan shaƙatawa, ya ce lambun na yara ne. Ya gina gidajen wanka na jama'a a unguwannin da gidajen haya ba su da wurin wanka. Birni ya karɓi aikin kwashe shara daga hannun 'yan kwangila. An sa mitar ruwa a gidaje. A zamaninsa aka soma ginin babbar kasuwar yammacin gari, wadda aka buɗe a 1912, tana nan tana ci har yau. Ya gayyato masu zanen gine-gine irin su Daniel Burnham suka tsara tsakiyar birni a 1903.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin mutanen da ya jawo. Limamin cocinsa, Harris Cooley, shi ya ba ragamar gidajen yari da kula da gajiyayyu. Cooley ya saki ɗaruruwan mutanen da ke tsare don kawai sun kasa biyan tara, ya kuma kafa wata gona mai faɗin eka dubu biyu a Warrensville, inda aka yi gidan tsofaffi, da asibitin masu tarin fuka, da gidan gyaran hali da fursunoni ke noma a sarari. Har da wani gida na musamman don kada a raba tsoho da tsohuwarsa in talauci ya kai su hannun hukuma. Shugaban 'yan sandan Johnson, Fred Kohler, ɗan jam'iyyar adawa ne, shi ne ya fito da tsarin cewa mai ƙaramin laifi a yi masa gargaɗi, mashayi a raka shi gida maimakon a kai shi caji ofis. Lauyan birni kuwa wani matashi ne, Newton Baker, wanda daga baya ya zama magajin gari, ya kuma zama ministan yaƙin Amurka lokacin yaƙin duniya na ɗaya.

Sai Peter Witt. Wannan maƙerin ƙarfe ne da masu masana'antu suka haɗa baki suka hana aiki saboda tsaurin idonsa. A wani taron siyasa a 1894 ya yi ta katse Johnson da ihu daga cikin jama'a. Maimakon a fitar da shi, Johnson ya ce ya hau dandamali ya faɗi abin da ke ransa. Daga nan suka ƙulla abota. Da Johnson ya hau mulki sai ya ba shi wani ofis da aka yi wa laƙabi da makarantar haraji. Witt ya zana manyan taswirorin unguwanni, ya rubuta ƙimar da hukuma ta yi wa kowane fili, ya kira jama'a su zo su gani da idonsu yadda ake ƙiyasta gidan talaka kusan a kan cikakken kuɗinsa, na attajiri da na kamfani kuwa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba a jima ba kotu ta rufe makarantar. Johnson ya kuma fallasa cewa jami'an da ke ƙiyasta harajin kamfanonin jirgin ƙasa suna yawo da takardar shiga jirgi kyauta daga waɗannan kamfanoni. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. 

Wurin taron Johnson ma abin faɗa ne. Wani ƙaton tanti yake kafawa, irin na masu wasan dabbobi, mai cin dubban mutane, yana yawo da shi unguwa-unguwa. Ba doguwar huɗuba yake yi ba. Yakan yi bayani kan lasisi da haraji da lissafin kamfani, sannan ya ce a yi tambaya, kowa da kowa, har da ɗan adawa. Leburan da bai gama firamare ba ya koma gida yana iya gardama kan darajar hannun jarin kamfanin tarago. A 1907 'yan Rifablikan suka tsayar masa da ɗan majalisar tarayya Theodore Burton, da goyon bayan shugaban ƙasa Theodore Roosevelt. Burton ya buɗe kamfen ɗinsa da wata jimlar Latin, Johnson ya mayar da ita abin dariya a cikin tanti, ya kuma lashe zaɓen. Ɗan jaridar nan mai tonon silili, Lincoln Steffens, ya riga ya bayyana shi a matsayin magajin garin da ya fi kowane a Amurka.

Yanzu ga yaƙin. Dokar jihar Ohio ba ta yarda birni ya mallaki tarago ba, kuma majalisar jihar tana hannun abokan Mark Hanna. A 1902 kotun ƙolin jihar ta rushe tsarin mulkin birnin, aka kawo sabuwar dokar da ta rage wa magajin gari iko. Johnson ya ga maganin a can sama yake, ya tsaya takarar gwamna a 1903, ya sha mugun kaye da ratar ƙuri'a fiye da dubu ɗari. Ya dawo gida ya sake dabara: in birni ba zai mallaka ba, to a kafa wani kamfani da zai yi gasa a kan santi uku. Tsohon kamfanin da ke riƙe da taragon birnin ya yi ta ruwan ƙararraki, umarnin kotu na bin umarnin kotu, shekara da shekaru. A 1906 Johnson ya fita da ma'aikata suka tuge layin tsohon kamfani a wani titi, har aka gurfanar da shi kan raina kotu, ya fita. Ranar 1 ga Nuwamban wannan shekara taragon santi uku na farko ya tashi, magajin gari da kansa ne ya tuƙa.

A watan Afrilun 1908 tsohon kamfani ya miƙa wuya. Aka ba da hayar dukkan layukan birnin ga wani kamfani na mutanen Johnson, wanda zai tafiyar da su a madadin jama'a. Aka yi yini guda kowa na hawa kyauta. Gari ya ɗauki murna.

Ba a yi wata guda ba murna ta koma ciki. Tsohon kamfani ya taɓa yi wa ma'aikata alkawarin ƙarin albashi, sababbin shugabanni suka ce alkawarin bai hau kansu ba. Ma'aikata suka tafi yajin aiki a watan Mayu, aka kai ga fasa taragu da nakiya. Ga tattalin arzikin ƙasa bai farfaɗo daga girgizar 1907 ba, fasinja sun ragu. Don a cike giɓi aka rage zirga-zirga a wasu layuka, aka sauya hanyoyi, aka sa santi ɗaya a kan takardar sauya tarago. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana jin santi uku a cikin tanti, yanzu yana tsaye a bakin titi taragonsa bai zo ba. A nan nake ganin Johnson ya yi kuskuren da masu gaskiya kan yi. Ya tabbata lissafinsa daidai ne, don haka ya ɗauka jama'a za su yi masa haƙuri, ya kuma raina fushin ma'aikatan da su ne ƙashin bayan ƙuri'arsa. Masu yajin aiki suka bi gida-gida suna tara sa hannu, suka tilasta ƙuri'ar raba gardama. A watan Oktoban 1908 jama'a suka yi watsi da shirin, da ratar ƙuri'a 605 kacal cikin fiye da dubu saba'in. Kamfanin ya faɗa hannun kotu.

Daga nan komai ya yi ta zubewa. Bankin da ya kafa ya rufe. Dukiyarsa ta narke, wani ɓangare a siyasa, wani a ƙoƙarin ceto kasuwancin ƙaninsa da ya rasu, har ya bar katafaren gidansa na titin Euclid, unguwar miloniyoyi, waɗanda dama sun daɗe suna kallonsa a matsayin wanda ya ci amanar ajinsu. A Nuwamban 1909, bayan wa'adi huɗu, Herman Baehr ya kayar da shi da ƙuri'a ƙasa da dubu huɗu. Ciwo ya riga ya kama shi. Ya rasu ranar 10 ga Afrilun 1911 yana da shekara 56. Dubun dubatar mutane suka jeru a titi da aka fito da gawarsa, aka kai ta Brooklyn aka binne kusa da kabarin Henry George.

Taragon fa? Wani alƙalin tarayya, Robert Tayler, shi ya sasanta rikicin. Kamfani ya ci gaba da riƙe layukan, amma aka ƙayyade ribarsa a kan kashi 6 cikin ɗari, birni ya sami kwamishinan da ke duba littattafansa, kuɗin hawa kuma ya dogara da ainihin abin da aka kashe. Tsarin ya soma aiki a watan Maris na 1910, wata biyu bayan Johnson ya bar ofis, kuma farashin da aka fara da shi santi uku ne, da santi ɗaya na sauya tarago. A 1912 jihar Ohio ta gyara kundin tsarin mulkinta ta ba birane ikon tsara mulkin kansu da mallakar irin waɗannan ayyuka, Newton Baker na cikin waɗanda suka ja gaba. A 1914 birnin ya buɗe babbar tashar wutar lantarkinsa. Taragon kansa sai a 1942 Cleveland ta saye shi, shekara 31 bayan an binne mutumin. Mutum-mutuminsa na nan a babban dandalin birnin, yana zaune a kujera, littafin Henry George a hannunsa.